Wane maganin ƙwari ne ba ya cutar da dabbobi?

Duk wanda ya haɗa shuka da dabba a wuri ɗaya, ko gona ce da garke, ko ɗan lambu ne da kare da kyanwa da kaji, wata rana sai ya yi wannan tambayar: me zan fesa ƙwari su mutu, dabbobina su tsira? Amsa biyu aka fi ji. Wasu su ce a nemi na ganye, tunda daga tsiro ya fito ba zai yi illa ba. Wasu su ce a duba jikin kwalba, in an ga koren layi ko shuɗi to a kwantar da hankali. Kowace amsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma kowacce ta sha jawo wa masu dabbobi asara. Kuskuren yana cikin tambayar kanta, domin ta ɗauka akwai wata kwalba guda da za a nuna a ce wannan lafiya lau take ga dabba. Babu irin wannan kwalbar. Abin da ake da shi shi ne magani mai sauƙin haɗari ga wata dabba, in ya isa gare ta ta wata hanya, a wani adadi, cikin wani lokaci.

Wace dabba ake nufi?

Jikin dabbobi ba iri ɗaya yake sarrafa guba ba. Ɗauki permethrin, kuma a nan zan bar sunayen sinadarai yadda ake rubuta su a jikin kwalba don mai saye ya gane su. Ana fesa shi a kayan lambu, ana kuma ɗiga mai ƙarfinsa a bayan wuyan kare don kashe ƙuma da kaska, kare ya kaɗa wutsiya ya ci gaba da harkarsa. Wannan ɗigon da kare ya ɗauka lafiya, in ya hau jikin kyanwa yana iya kashe ta, saboda hantarta ba ta iya narkar da irin wannan guba da sauri. Sai gubar ta taru ta hau jijiyoyi, kyanwa ta kama makyarkyata da jijjiga. Akwai waɗanda suka kamu don kawai sun lashi karen da aka yi wa magani, ko sun kwanta a jikinsa. Kifi kuma ya fi kyanwa rauni a gaban permethrin da danginsa irin su cypermethrin da deltamethrin: wankin tankin feshi ɗaya a bakin ƙaramin tafki ya isa ya yi ɓarna.

Haka maganin cututtukan fumfuna mai ɗauke da jan ƙarfe, wanda manoman inabi na Faransa suka fara amfani da shi tun shekarun 1880. Har masu noma ba tare da sinadarai na zamani ba suna yarda da shi. Amma tunkiya ba ta jure jan ƙarfe. Hantarta tana tara shi a hankali, babu wata alama, sai rana ɗaya ya kwarara cikin jini, idanu su yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ta faɗi. Mai kiwon tumaki a ƙarƙashin itatuwan da ake yi wa wannan feshi shekara da shekaru yana da dalilin damuwa da mai shanu ba shi da irinsa.

Don haka kafin a je sayen komai, a fara lissafa wa ke shiga wurin. Lissafin ya haɗa da waɗanda ba naka ba: zuma, tsuntsaye, kwaɗi, tana, da ƙwarin da ke cin ƙwari.

Abin da launin kwalba ke faɗa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan ƙwari gida-gida bisa ƙarfin gubarsu, kuma daga nan ƙasashe da yawa suka samo layin launi da ake gani a ƙasan takardar kwalba: ja ga mafi haɗari, sai ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Ma'aunin shi ne yawan sinadarin da zai kashe rabin ɓerayen da aka yi gwaji da su. In ƙasa da miligiram 5 a kowane kilo na nauyin ɓera ya isa, sinadarin yana aji mafi muni. Daga 5 zuwa 50 aji na biye ne, shi ma ja. Daga 50 zuwa 2,000 matsakaici, sama da haka mai sauƙi.

A lura, ɓera aka gwada, kuma lafiyar mutum ake son karewa. Launin yana ba da labarin abin da zai faru in mutum ko dabba mai shayar da 'ya'yanta nono suka haɗiyi maganin sau ɗaya. Bai ce komai a kan zuma ba, bai ce komai a kan kifi ko tsuntsu ba, bai kuma san da hantar kyanwa ba. Ko ga mutum da kare ma yana iya ruɗarwa. Maganin ciyawar nan paraquat yana ajin matsakaici, alhali kurɓi ɗaya na ruwansa mai kauri yana lalata huhu, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta daina yarda da shi tun 2007.

Amfanin launin shi ne ya nuna abin da za a guje wa. Mai dabbobi a kusa ba shi da hurɗa da jar kwalba, irin su carbofuran da dichlorvos da monocrotophos. Koren layi kuwa izini ne na a ci gaba da karanta sauran rubutun, musamman wurin da aka zana kifi ko ƙudan zuma.

Ta ina guba ke isa ga dabba?

A ganina nan ne ainihin maganar take, domin siffar magani sau da yawa ta fi sunansa muhimmanci. Ruwan da aka tsarma aka fesa a ganye, ya bushe, haɗarinsa ga kare ko akuya ya ragu sosai. Sinadari iri ɗaya in aka yi shi ƙwaya-ƙwaya aka watsa a ƙasa, ya zama abin tsintuwa. Tsuntsu ba ya bambanta ƙwayar carbofuran da tsaba, kuma ƙwaya ɗaya tana iya kashe ƙaramin tsuntsu. Irin shuka da aka shafe da magani shi ma haka ne: wanda ya zube a bakin kunya ba a rufe shi ba, kaji da kurciyoyi ne za su kwashe.

Mafi muni ga dabbobin gida shi ne maganin da ake haɗawa da abinci don ya jawo maɓarnacin da ake son kashewa. Na katantanwa mai metaldehyde ana cakuɗa shi da dusa, wani lokaci da abin zaƙi, sai kare ya ji ƙamshi ya cinye. Cikin 'yan sa'o'i jiki ya ɗauki zafi, jijjiga ta tashi, kuma babu takamaiman makari. Birtaniya ta hana amfani da shi a fili daga Afrilun 2022 saboda tsuntsaye da ƙananan dabbobi irin su bushiya.

Sai hanya ta biyu, wadda mutane ba su cika tunawa da ita ba: dabba ta ci abin da ya ci guba. Maganin ɓera na zamani irin su brodifacoum yana hana jini daskarewa, kuma ba ya kashewa nan take. Ɓeran zai yi kwanaki yana yawo a galabaice, cikinsa cike da guba, wato ya zama nama mai sauƙin kamu ga kyanwa da mujiya da shirwa. Sinadarin yana zama a hanta na tsawon watanni. Manomin da ya zuba shi a gefen gona yana rage masu kama masa ɓera kyauta, ɓera kuwa ya fi mujiya saurin haihuwa nesa ba kusa ba. A Ajantina, a daminar 1995 zuwa 1996, an kiyasta shahuna kusan 20,000 sun mutu, na wani nau'i da ke tasowa daga Arewacin Amurka kowace shekara. Ba wanda ya nufe su. Fara aka yi wa feshin monocrotophos a gonaki, su kuma fara suke ci.

Hanya ta uku ita ce ta cikin tsiron kansa. Akwai magungunan da shuka ke sha ta saiwa ko ta ganye, su bi ruwan jikinta su kai ko'ina, har cikin garin fure da ruwan zaƙin da zuma ke ɗiba. Imidacloprid da thiamethoxam da clothianidin suna cikin wannan rukuni. Ga masu shayarwa haɗarinsu bai kai na tsofaffin magunguna ba, har ma ana ɗiga imidacloprid a jikin kare da kyanwa don ƙuma. Ga zuma kuwa, ɗan abin da bai isa ya kashe ta ba yana iya rikita mata hanyar komawa amya. Tarayyar Turai ta taƙaita su a 2013, sannan a 2018 ta hana amfani da ukun nan a fili. Wanda yake ganin zuma ba dabbarsa ba ce, ya tuna cewa sama da kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona da duniya ke ci suna amfana da barbarar da ƙwari da sauran halittu ke yi wa furanni.

"Ai na ganye ne"

Tsirrai sun ƙirƙiri guba ne don kare kansu, kuma wasu daga cikinta ba sa tambayar wa ya ci. Ruwan taba da ake jiƙawa a fesa wa darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan shuka, yana ɗauke da nikotin, guba mai ƙarfi da ke ratsa fata, mai iya kashe kare ko kyanwa in suka sha daga bokitin da aka ajiye. Rotenone daga saiwar wasu tsirrai ake samunsa, kuma ƙarfinsa a kan kifi ya kai har da shi ake share tafki daga kifin da ba a so. Pyrethrum daga wani fure ake tatso shi, wanda Kenya ta daɗe tana cikin manyan masu noma shi. Rana tana karya shi cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan alheri ne, amma kafin ya karye yana kashe zuma da kifi kamar danginsa na masana'anta.

Har haɗin da ake yi a gida yana da nasa. Tafarnuwa da albasa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa in suka ci da yawa. Abin da ya rage a ganye bayan feshi bai kai ya yi wannan ba, amma tuƙar da aka tace aka zubar a inda kare zai same ta wani abu ne daban. Man tsirrai masu ƙamshi da ake tallatawa a matsayin korar ƙwari, da yawansu hantar kyanwa ba ta iya wa. Akwai kuma takin garin ƙashi da na busasshen jini: su ba maganin ƙwari ba ne, amma ƙamshinsu yana sa kare ya tona gindin shuka, in an haɗa su da maganin ƙwari mai ƙwaya ya haɗiye duka.

Waɗanda suka fi sauƙin haɗari, da iyakarsu

Siffa biyu ake nema: magani ya zama mai zaɓe, wato yana kashe rukuni kaɗan na ƙwari, ya kuma zama mai saurin gushewa.

Wanda ya fi cika sharaɗin farko shi ne Bt, wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa da aka fara ganowa a Japan a 1901, aka fara sayar da ita a Faransa a 1938. Gubarta ba ta aiki sai an ci, kuma sai ta tarar da irin ruwan cikin hanjin tsutsa marar tsami kafin ta buɗe ta huda shi. Cikin mutum da kare da kaza mai tsami ne, hanjinsu kuma ba shi da gurbin da gubar ke maƙalewa, sai ta narke kamar kowane abinci. Iyakarta: nau'in da ake yi wa tsutsar ganye ba ya taɓa darɓa ko fara, yana aiki ne a kan ƙananan tsutsotsi, rana tana kashe shi cikin 'yan kwanaki, kuma bai san bambancin tsutsar ɓarna da wadda za ta zama malam-buɗe-littafi ba.

Sabulun ƙwari da man feshi suna cika sharaɗi na biyu. Suna kashe masu taushin jiki irin su darɓa da farin ƙuda ne kawai in sun jiƙa su, da zarar sun bushe aikinsu ya ƙare, babu abin da ya rage wa dabba. Yawanci mililita 10 zuwa 20 ake sawa a litar ruwa, a fesa har ƙarƙashin ganye inda ƙwarin ke ɓuya, a maimaita bayan 'yan kwanaki. Garin wanki da ruwan wanke-wanke ba su ne wannan sabulun ba, suna ƙona ganye.

Man darbejiya yana hana ƙwaro cin abinci da saɓa fata, don haka ba a ganin gawa washegari, kuma masu gaggawa kan ce bai yi aiki ba. Haɗarinsa ga masu shayarwa kaɗan ne in an tsarma, amma tsantsarsa ba abin sha ba ne ga yaro ko kyanwa, kuma a nisanta shi da ruwan kifi. Spinosad, wanda ake samu daga wata bakteriyar ƙasa, yana da sauƙi ga masu shayarwa har ana ba karnuka shi a ƙwaya don ƙuma, sai dai yana kashe zuma muddin yana jiƙe, shi ya sa ake so ya samu kamar awa uku ya bushe kafin su fito. Farar wuta tana maganin fumfuna da ƙananan ƙwarin ganye, amma tana ƙona shuka in zafi ya haura kamar digiri 32, kuma ba a bin ta da mai sai an ba da tazarar aƙalla mako biyu. Ga katantanwa, mai sinadarin ferric phosphate ya fi metaldehyde sauƙi ƙwarai, duk da cewa karen da ya yage buhu ya ƙoshi da shi sai ya ga likita.

Masu cewa a daina duka, da masu cewa ba zai yiwu ba

Ɓangare ɗaya yana ganin duk wani feshi laifi ne. Ɗaya ɓangaren, wanda galibi masu neman abinci da gona ne, yana cewa waɗannan masu sauƙin sun fi tsada, suna buƙatar maimaici, kuma ranar da tsutsa ta mamaye kadada goma ba sabulu ne zai cece ta ba. Maganar tasu gaskiya ce, kuma wanda bai taɓa ganin amfanin shekara yana tafiya cikin mako ɗaya ba bai kamata ya raina ta ba.

Sai dai tarihi ya nuna cewa magani mai kashe kowa yakan juya kan mai shi. A Kalifoniya ta Amurka wani ƙwaro mai maƙalewa a reshe ya kusa durƙusar da noman lemo, har aka kawo wani ɗan buzuzu mai cin sa daga Ostireliya a 1888, ya gama da shi cikin ɗan lokaci. Da maganin ƙwarin DDT ya zo a shekarun 1940 ya kashe buzuzun, ƙwaron ya dawo. A Indonesiya feshin shinkafa ya kashe gizo-gizo da sauran masu farauta, sai wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ruwan kara ya yi yawan da ba a taɓa gani ba, garin neman gira aka rasa ido. A 1986 gwamnatin ƙasar ta hana amfani da magunguna 57 a kan shinkafa, daga 1989 kuma aka shiga koya wa manoma duba gona da ƙidayar ƙwari kafin su ɗauki injin feshi.

Matsayin da na fi gamsuwa da shi yana tsakanin ɓangarorin biyu, amma ya fi karkata ga jinkiri. A fara sanin ƙwaron da sunansa, ta hanyar malamin gona in da hali. A duba ko ɓarnar ta kai kuɗin magani, domin shuka lafiyayya tana jure rasa wani kaso na ganyenta. A gwada tsincewa da hannu, wanke ganye da ruwa mai ƙarfi, rufe shuka da raga, sauya abin da ake shukawa a fili, tarko ga ɓera. In duk wannan bai isa ba, a ɗauki mafi zaɓe. Mai ƙarfi yana da ranarsa, amma a wurin da ɓarnar take kaɗai, ba gona duka ba.

Lokacin feshi da bayansa

A fesa da yamma lis bayan zuma sun koma, a ranar da babu iska kuma ba a sa ran ruwan sama. Kada a fesa wa shukar da ke cikin fure, har da ciyawar da ta yi fure a ƙarƙashinta. A kwashe kwanon abinci da na ruwan dabbobi, a rufe ramin kifi, a tsare dabbobin har ganye ya bushe sarai. Ga masu cin ganye bushewa ba ta isa ba: takardar kwalba tana faɗin kwanakin da za a jira kafin girbi, wasu kuma har da kwanakin da za a jira kafin kiwo ko yankan harawa, domin saura yana iya fita a nono da ƙwai. Ninka awo ba ya ƙara kisa, saura kawai yake ƙarawa.

Yawancin mummunar guba daga ruwa mai kauri take fitowa, wanda ba a tsarma ba. A bar shi cikin kwalbarsa ta asali a kulle, nesa da abincin dabbobi. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin tankin feshi, a huda ta don kada wani ya mai da ita mazubin ruwa.

In dabba ta kamu, alamun tsofaffin magunguna irin su dichlorvos da chlorpyrifos da carbofuran su ne dalalar miyau, hawaye, zawo, makyarkyata, ƙanƙancewar baƙin ido da wahalar numfashi, kuma suna zuwa da sauri. Likitan dabbobi yana da allurar atropine dominsu, amma sai an kai da wuri. Maganin ɓera mai hana jini daskarewa akasin haka yake: dabba za ta yi kwana uku zuwa biyar kamar ba komai, sannan kasala ta zo, dasashi ya yi fari, jini ya fara fita. Makarinsa bitamin K1 ne na tsawon makonni, don haka ba a jiran alama in an ga ta ci. In a fata maganin ya zuba, a sa safar hannu a wanke da sabulu da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Kada a ɗura wa dabba madara ko mai, domin yawancin waɗannan sinadarai a cikin maiƙo suke narkewa, sai hanji ya ƙara saurin tsotse su. Kada kuma a tilasta mata amai in tana jijjiga ko ta fita hayyacinta. A tafi da kwalbar wurin likita, domin sunan sinadarin da ke jikinta shi zai nuna masa allurar da zai ɗauko.